Kafin Gwamna Ya Ɗauki Alƙalami

Duk lokacin da aka yi wani kisan gilla da ya girgiza jama'a, kira ɗaya ake ji a gidajen rediyo da majalisun hira da shafukan Facebook: gwamnoni su daina jan ƙafa, su sa hannu a rataye waɗanda kotu ta yanke wa hukuncin kisa. An ji wannan kira da ƙarfi a Kano a farkon 2022, bayan da aka tono gawar Hanifa Abubakar, yarinya 'yar shekara biyar da mai makarantarsu, Abdulmalik Tanko, ya sace ya kashe. Tun kafin Babbar Kotun Kano ta yanke masa hukuncin rataya a watan Yuli, Gwamna Ganduje ya yi alkawarin ba zai ɓata lokaci ba wajen sa hannu. Manya ma sun sha yin irin wannan kira. Shugaba Jonathan ya nemi gwamnoni su riƙa sa hannu a 2013, ministan cikin gida Rauf Aregbesola kuma ya maimaita a 2021, shi har da kafa hujja da cunkoson gidajen yari, wai idan an rataye wasu za a sami sarari. Fushin da ke bayan kiran fushi ne na gaskiya, duk mai 'ya ya san daga inda ya taso. Duk da haka ina ganin gwamnan da ya ɗauki alƙalami a yau ya sa hannu a takardun da ke gabansa zai kashe masu laifi, zai kuma haɗa da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, kuma ba shi da hanyar da zai bi ya rarrabe su.

Alƙaluman Hukumar Gidajen Gyaran Hali sun nuna cewa mutum sama da 3,500 ne ke zaune da hukuncin kisa a kansu a Najeriya, rataya ta ƙarshe da aka sani kuwa ita ce ta mutum uku a Benin, Jihar Edo, a watan Disamba na 2016. Ta fuskar doka babu gardama. Sashe na 33 na kundin tsarin mulki ya yarda a ɗauki ran mutum bisa hukuncin kotu, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da haka a shari'ar Onuoha Kalu a 1998. A laifin kisan kai da fashi da makami ma doka ba ta bar wa alƙali zaɓi ba: da zarar ya gamsu an aikata laifin, dole ya furta kisa, ko wanda ke gabansa ƙasurgumin ɗan fashi ne ko yaron da ya tsaya gadi a bakin ƙofa. Ban kuma zo in ce babu wanda ya cancanci mutuwa ba. Akwai mutanen da abin da suka aikata ya kai su can, har ya wuce. Abin da ya kamata a bincika shi ne hanyar da mutum ke bi daga caji ofis zuwa gindin igiya, a ga ko ta kai amincin da za a ɗora mata aikin da ba a iya warwarewa.

Hanyar daga caji ofis take farawa, kuma yawanci a can ake gama shari'ar tun ba a je kotu ba. A ƙasar da ɗakunan binciken jini da zanen yatsu ba su taka kara sun karya ba, babbar hujjar mai gabatar da ƙara ita ce takardar amsa laifi. Duk wanda ya taɓa zama a babbar kotu ya san kamanninta: ɗan sanda ne ya rubuta ta da hannunsa, da Turanci, a ƙasanta kuma ga dangwalen babban yatsan mutumin da ko sunansa bai iya karantawa ba, wanda Hausa ko Fulatanci ko Kanuri kaɗai yake ji. Idan ya ce wa alƙali dukansa aka yi kafin ya dangwala, sai a buɗe wata 'yar shari'a a cikin shari'ar, a kira ɗan sandan da ake zargi da dukan ya rantse cewa bai taɓa shi ba, alhali an yi shekara biyar ko shida, tabon ya daɗe da bajewa. Moses Akatugba yana ɗan shekara 16 aka kama shi a Jihar Delta a 2005 bisa zargin fashin wayoyin hannu. Ya ce da filaya aka cire masa farata kafin ya sa hannu a takardun da aka riga aka rubuta. A 2013 aka yanke masa hukuncin kisa, sai a watan Mayun 2015 Gwamna Emmanuel Uduaghan ya yi masa afuwa, bayan da mutane daga ƙasashe da yawa suka yi ta rubuto wasiƙu a kansa. Majalisa da kanta ta san da wannan ciwo, shi ya sa dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi a riƙa ɗaukar bayanin wanda ake zargi a bidiyo ko a gaban lauyansa, aka kuma yi dokar haramta azabtarwa a 2017. Sai dai mafi yawan waɗanda suka daɗe suna jiran hauni an karɓi bayaninsu ne kafin waɗannan dokoki, ko kuma a ofisoshin da har yau babu kyamara, wasu a hannun rundunar SARS da gwamnati ta rusa da kanta a 2020 saboda ta'asarta.

Kotunanmu da kansu sun sha kama kurakuran da ke bin wannan hanya. A 1981 gwamnatin Jihar Oyo ta kashe Nasiru Bello, wanda aka samu da laifin fashi, alhali ƙarar da ya ɗaukaka tana gaban kotu ba a saurare ta ba. A 1986 Kotun Ƙoli ta ce kisan ya saɓa wa doka, ta sa a biya iyalinsa diyya, amma shi kam babu wanda zai taɓa sanin abin da alƙalan ɗaukaka ƙara za su ce a kansa. ThankGod Ebhos, wanda kotun musamman ta zamanin soja ta yanke wa hukunci a Kaduna a 1995 ba tare da damar ɗaukaka ƙara ba, har gindin igiya aka kai shi a Benin a watan Yunin 2013, ranar da aka rataye mutum huɗu. Abin da ya cece shi shi ne an duba takardarsa aka ga harbi aka rubuta, ba rataya ba. Shekara ɗaya bayan nan gwamnatin Kaduna ta sake shi. Ga kuma misalin da jama'ar Arewa ba za su manta ba. A watan Janairun 2012 Babbar Kotun Legas ta yanke wa Manjo Hamza Al-Mustapha hukuncin rataya kan kisan Kudirat Abiola, a watan Yulin 2013 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin ta sallame shi, ta ce shaidun da aka dogara da su ba su tsaya da ƙafarsu ba. Dubban da suka tarbe shi a Kano suna murna sun amince ke nan cewa babbar kotu tana iya yanke wa mutum hukuncin kisa bisa kuskure. Shi yana da manyan lauyoyi da jama'a a bayansa da 'yan jarida a kowane zama. Mutumin ƙauyen da aka haɗa da lauyan gwamnati mai ɗauke da fayil ɗari, wanda danginsa ba su da kuɗin buga takardun ɗaukaka ƙara balle kuɗin motar zuwa Abuja, hukuncin farko ne hukuncinsa na ƙarshe.

A nan ne maganar adalci ta fi ɗaci, domin igiyar tana zaɓen wuya. Segun Olowookere yana ɗan shekara 17 aka kama shi a Jihar Osun a 2010 kan satar kaji da ƙwai. Da yake kotu ta ce da makami aka shiga gidan da aka yi satar, doka ta ɗaure wa alƙali hannu, aka yanke masa kisa a 2014, ya yi shekara goma yana jira kafin Gwamna Ademola Adeleke ya yafe masa a ƙarshen 2024, bayan da labarin iyayensa ya karaɗe intanet. A ajiye wannan a gefe, a dubi Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗaliban makarantar Ƙanƙara sama da 300 a watan Disamba na 2020. Wata biyu bayan nan aka karɓe shi a Gusau a matsayin tubabbe, ya miƙa bindigogi, ya yi rantsuwa, aka ɗauki hotuna, ba a kai shi gaban ko da alƙalin majistare ba. Bai daɗe ba ya koma daji. Ba ina cewa sulhu da 'yan bindiga laifi ne a kowane hali ba, gwamnan da jama'arsa ke mutuwa yana iya ganin ba shi da wata mafita. Amma ƙasar da ke zama a inuwa ɗaya da wanda ya ƙone ƙauyuka saboda yana da mayaƙa, sannan ta kai ɓarawon kaji ɗakin masu jiran rataya saboda ba shi da kowa, ba za ta ce hukuncin kisanta ma'aunin girman laifi ba ne. Afuwar ma haka take tafiya. Da sunan Maryam Sanda, wadda kotun Abuja ta yanke wa kisa a 2020 kan mutuwar mijinta Bilyaminu Bello, ya fito a jerin waɗanda shugaban ƙasa ya yi wa afuwa a watan Oktoban 2025, abin da ya fi ɓata wa mutane rai shi ne sanin cewa akwai dubbai a ɗakunan nan da babu wanda zai kai sunansu fadar shugaban ƙasa.

Hujja mafi nauyi da ake kawowa a Arewa ita ce ta addini: Allah ne ya shar'anta ƙisasi, wane ne zai ce a dakatar? Hujja ce da ta cancanci amsa ta tsanaki, kuma amsar tana cikin fiƙihun kansa. Shari'ar da ta zo da ƙisasi ta kewaye shi da sharuɗɗan da tsarinmu bai kusanci cika su ba. Tana neman shaidu adilai da aka tantance halinsu, ko iƙirarin da mutum ya yi da son ransa, kuma mafi yawan malamai ba sa karɓar iƙirarin da aka samo da duka ko ɗauri ko tsoratarwa. Ƙa'ida ce sananniya cewa shubuha tana ɗage haddi, kuma shugaba ya yi kuskure wajen yafewa ya fi masa sauƙi a kan ya yi kuskure wajen zartarwa. Sannan a ƙisasi haƙƙin na waliyyan jini ne. Ayar da ke Suratul Baƙara da ta wajabta shi ita ce kuma ta buɗe ƙofar afuwa da diyya, ta kira hakan sassauci da rahama. A mazhabar Malikiyya da muke bi, idan waliyyai suka yafe, mai kisan yana shan bulala ɗari da ɗaurin shekara, ban da kisan yaudara irin wanda ake lallaɓar mutum a kashe shi don dukiya, wanda malaman mazhabar ba su yarda a yafe ba. To amma yawancin mutum 3,500 ɗin nan ba a ƙarƙashin wannan tsari aka hukunta su ba. Dokar Penal Code da ta fara aiki a 1960 da takwararta ta Kudu da dokar fashi da makami da aka gada daga sojoji ne suka kai su inda suke. A waɗannan dokoki uban wanda aka kashe shaida ne kawai, ba a tambayarsa ko yana son jini ko diyya, gwamna kuma yana iya sakin wanda ya kashe masa ɗa ranar bikin samun 'yancin kai ba tare da ya ko aika masa ba. Saboda haka wanda ya ce wa gwamna ya sa hannu da sunan ƙisasi yana ara wa dokar Turawa da ta soja rigar da ba tasu ba. A kotunan shari'ar Musulunci ma, inda aka bi sharuɗɗan da kyau sakamakon ya canja: kotun ɗaukaka ƙara ta Sakkwato ta soke hukuncin jefewa da aka yanke wa Safiya Husaini a 2002, ta Katsina ta soke na Amina Lawal a 2003, kuma da hujjojin fiƙihu alƙalan suka yi haka.

Sai hujjar tsoratarwa, cewa da ana kashewa a bainar jama'a da masu laifi sun shiga taitayinsu. Najeriya ta gwada wannan, ta kuma gwada shi da gaske. Bayan yaƙin basasa gwamnatin Gowon ta kafa dokar harbe 'yan fashi a 1970, aka riƙa ɗaure su a jikin ganguna a bakin tekun Bar Beach a Legas, dubban mutane suna kallo. A nan aka harbe ɗan fashi Ishola Oyenusi a 1971. Shekara goma sha shida bayan haka, a 1987, sai ga shi ana harbe Lawrence Anini a Benin, wanda ta'asarsa ta fi ta na farkon, kuma binciken shari'arsa ya bankaɗo cewa wani babban jami'in 'yan sanda ne ke ba shi da yaransa makamai da bayanai. A watan Afrilun 1985 gwamnatin soja ta Buhari ta harbe Bartholomew Owoh da Bernard Ogedengbe da Lawal Ojuolape kan safarar hodar iblis, da dokar da aka mayar da aikinta baya, amma safarar ba ta tsaya ba, har ta kai an kafa hukumar NDLEA a 1989. A 'yan shekarun nan jihohi da dama, ciki har da Katsina da Zamfara, sun sanya hukuncin kisa a kan garkuwa da mutane, kuma mazauna Batsari da Maru sun fi kowa sanin ko hakan ya sa sun yi barci da ido biyu rufe. A Amurka, inda aka fi kowace ƙasa nazarin wannan batu, majalisar masana ta ƙasar ta duba binciken shekaru da dama a 2012, ta ce bai isa ya nuna ko hukuncin kisa yana rage kisan kai ko ba ya ragewa ba. Dalilin a fili yake. Ɗan bindigar da ke yawo da AK-47 a dajin Rugu kullum yana cikin haɗarin harsashin soja ko na abokin gaba, igiyar da za ta iya zuwa bayan shekara goma sha biyar ba ta cikin lissafinsa. Abin da yake lissafawa shi ne ko za a kama shi, kuma ya san da wuya.

Wasu kuma suna cewa idan hukuma ta ƙi kashewa, jama'a za su ɗauki doka a hannunsu. A duba inda abin ya faru. A watan Maris na 2025 aka tare mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi suna kan hanyar komawa gida sallah, aka kashe su aka ƙone bisa zargin garkuwa da mutane. Uromi a Jihar Edo take, jihar da ta rataye mutane a 2013 ta sake ratayewa a 2016. Taron da ke ɗauko taya da fetur rashin yarda da 'yan sanda da kotu ne ke tunzura shi, da kuma tabbacin cewa babu abin da zai biyo baya.

Tambayar da ta fi wuya ita ce ta irin su wanda ya kashe Hanifa, inda hujja ta fito ƙarara, gawa ta bayyana inda aka nuna, babu wani ƙwaƙƙwaran shakku. Me zai hana a rataye waɗannan kaɗai a bar sauran? Matsalar ita ce babu yadda za a rubuta doka a ce a kashe waɗanda aka tabbatar kawai, domin abin da doka ta ce ke nan tun asali. Duk alƙalin da ya taɓa furta hukuncin kisa ya furta ne bayan ya rubuta cewa ya gamsu babu shakka, har da wanda ya hukunta Al-Mustapha da wanda ya hukunta Akatugba. Jami'an Saudiyya ma ba su da dalilin shakka a watan Disamba na 2018 da suka ga jaka ɗauke da ƙwayar Tramadol da sunan Zainab Aliyu, ɗalibar jami'a daga Kano da ta je Umara, a ƙasar da ke fille kan masu safarar ƙwaya. Sai da bincike ya gano wasu ma'aikata a filin jirgin saman Malam Aminu Kano ne suka maƙala sunanta a jakar da ba tata ba, aka sake ta bayan wata huɗu. Duk ƙasar nan ta yi ta addu'a kada a yi gaggawa a kanta. Wanda aka ɗaure bisa kuskure ana iya buɗe masa ƙofa a ba shi haƙuri, rataya kuwa zarar bunu ce. Gwamnati ma ta nuna haka da kanta a 2025, da ta yi wa Ken Saro-Wiwa da abokan gwagwarmayarsa takwas da aka rataye a 1995 afuwa, ta kuma yi wa Janar Mamman Vatsa da aka harbe a 1986, afuwar da babu ɗayansu da ya ji labarinta. Mai kisan da aka tabbatar, ɗaurin rai da rai na gaskiya, wanda ba a sassautawa da alfarma, yana raba shi da jama'a har ya mutu, ba tare da an buɗe ƙofar da mara laifi zai faɗa ba.

Halin da ake ciki yanzu kuwa ba abin karewa ba ne, kuma a nan na yarda da masu sukar gwamnoni. Alƙalai suna ta yanke hukunci, gwamnoni suna kawar da kai, mutane suna tsufa a ɗakunan da aka gina tun zamanin Turawa suna firgita da duk ƙarar makulli da asuba, iyalan waɗanda aka kashe kuma ba su sami jini ba, ba su sami diyya ba, ba su ma san inda maganar ta kwana ba. Wannan gudun ɗaukar nauyi ne. Kwamitin da Shugaba Obasanjo ya kafa kan hukuncin kisa ya ba da shawara tun 2004 a dakatar da zartarwa a hukumance har sai an gyara tsarin shari'a, wani kwamitin shugaban ƙasa ya maimaita a 2007, aka ajiye rahotannin. Maƙwabtanmu sun yanke shawara ko ta wace fuska: Nijar ba ta zartar ba tun 1976, Chadi ta soke hukuncin a 2020, Ghana ta cire shi daga manyan laifuka na yau da kullum a 2023. Ko ba a kai ga sokewa ba, Majalisa tana iya kwance wa alƙalai hannu su riƙa auna girman laifi da shekarun mai shi, kamar yadda Kotun Ƙolin Kenya ta yi a 2017, jihohin Arewa kuma su ba waliyyan jini matsayi a shari'ar kisan kai, da tsarin diyya da kotu za ta tilasta a biya. Akwai ma abin da ba ya buƙatar sabuwar doka ko kaɗan. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ba babban jojin jiha ikon mayar da hukuncin kisa ɗaurin rai da rai ga wanda ya ƙare ɗaukaka ƙararsa ya kuma yi shekara goma yana jira. Manyan jojin nan dama suna zagaya gidajen yari lokaci-lokaci suna sallamar masu ƙananan laifuka. A zagaye na gaba su nemi gandirobobi su kawo musu fayilolin ɗakunan masu jiran kisa, su fara da waɗanda aka kama suna yara da waɗanda takardar amsa laifi ce kaɗai hujjar da aka kafa a kansu.